Kuros ɗin Baba Sarjan

Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa sana'ata ba ta da wuya, wai yanzu ko yaro zai ɗaga waya ya ɗauki hoton abu, ita wayar ta gaya masa na gaske ne ko jabu. To ku gyara zama, shayin ma bai tafasa ba.

Ni asalina maƙerin fari ne. A Damagaram na koya, a gidan kawuna, inda na daɗe ina zuga wuta kafin a yarda in taɓa azurfa. Farkon shekarun casa'in na taho Difa, don an ce kuɗin tattasai na shigowa kuma matan Manga ba sa wasa da awarwaro. Na kafa rumfa a gefen kasuwa. Kayan aikina duka ba su cika buhu ba: ƴar uwar maƙera, awartaki, magagari manya da ƙanana, zuga-zugi na fatar akuya, da ma'auni. Game da Jamus kuwa, iyakar sanina shi ne rediyonsu na Hausa na kamawa tsaf da yamma.

Aikin da ya juya mini hanya ƙarami ne, ƙugiyar lambar yabo ce ta karye. Wani dogon tsoho ya tsaya a bakin rumfata ranar kasuwa, da jar hula da tsohon kwat na soja a kan babbar riga. Baba Sarjan ake ce masa, mutumin Gagamari, cikin waɗanda Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya. Kunnensa ɗaya ba ya ji, saboda haka magana yake kamar yana ba da oda a fareti. Ya buɗe wani gwangwanin taba ya fito da lambobinsa na Faransa, ya ce za a yi bikin tsofaffin sojoji a gaban gwamna, ba ya son ɗaya ta faɗo masa a ƙafa.

Ina cikin gyara na hango wani abu a ƙasan gwangwanin, naɗe da tsumma. Na ce, "Baba, wannan ma za a gyara?"

"Wannan ba a ratayawa. Na abokan gaba ne."

Ya kwance. Kuros ne baƙi, lambar yabon Jamus mai siffar gicciye, bakinsa fari da azurfa, a tsakiya akwai alamar nan tasu mai ƙafafu huɗu a karye. Ya ce a wani daji mai ƙanƙara ya samo shi. Ya ce masu wannan alama ba su ɗauki baƙin soja mutum ba, in sun kama Bature su kai shi kurkuku, in sun kama irinsa sau da yawa a nan labari ke ƙarewa. Daga nan ya naɗe abinsa, ya ce in yi sauri, yana da sayen goro.

Bayan wannan sai rumfata ta zama majalisarsu. Duk tsohon sojan da ƙugiya ta karye masa, wurina. In sun zo ba sa tafiya, su sha shayina su yi ta gardamar wanda ya fi jin sanyi a Turai. Da tsofaffin suka fara raguwa, ƴaƴansu suka riƙa kawo abin da suka tarar a akwati: maɓallai, mikiyar gaban hula, da ta tsumma wadda ake ɗinkawa a ƙirji. A ɗaya gefen kuma ga Turawan furoje, masu rijiyoyi da masu allurar dabbobi, an gaya musu akwai maƙerin da ke da kayan yaƙi. Haka na tsinci kaina a tsakiya, mai kawowa na gefe, mai saye na gefe, kowa na kallon bakina in ce na gaske ne ko a'a.

Baba Sarjan ne malamina, kuma bai fi kawuna sauƙi ba. In aka kawo abu na tsaya ina yaba fuskarsa, sai ya buge mini hannu da sandarsa.

"Isuhu, amarya kake nema? Juya bayansa. Mai jabu duk ƙarfinsa a gaba yake ƙarewa."

Gaskiyarsa ne. Abin masana'anta bugawa aka yi da inji, bayansa sumul, gefensa kaifi. Na jabu zubawa ake a ƙasa, sai ka ga ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana, da layi a gefe inda ma'aikaci ya goge da magagari. In mikiyar tsumma ce, ka zare zare ɗaya ka sa masa ashana. Tsohon zare toka yake zama. Na yanzu dunƙulewa yake ya yi warin leda. Shi kuwa kuros, Baba Sarjan ya koya mini a kan nasa: gida uku ne, baƙin tsakiya ƙarfe ne, farin bakin biyu ne aka haɗe gaba da baya. Na fasa wata matacciyar rediyo na ciro mayen ƙarfe daga lasifikarta, in na kanga shi a tsakiya ya kama, in na kanga a baki ya saki. A bayan kuros ɗin, daga ƙasa, akwai lamba 1818. Na haddace ta kamar sunana.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai wanda ke son abin tsaraba kawai, ko maɓallin wando ka ba shi ya gode. Akwai wani kaftin da aka turo daga yamma, shi so yake ya jera a falo. Wani Bajamushe mai aikin famfo aka taɓa kawo mini, abokansa na ganin za su faranta masa. Da na buɗe tsumman sai fuskarsa ta yi ja kamar tattasan shanya, ya ce a ƙasarsu ba a baje wannan alama a kasuwa, kakansa ma ba ya son a yi zancen. Ya sayi zobe biyu ya tafi. Tun daga ranar na daina shimfiɗa su a tabarma, sai wanda ya tambaya.

Yanzu in gaya muku labarin Mele, don ba a zancen jabu a kwarin nan ba a ambace shi ba. Mele maƙeri ne a Gagamari, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Ya lura Turawa na biyan kuɗin ƙarfen da bai kai cokali ba, alhali shi yana wuni yana dukan fartanya. Sai ya shiga zubi. Tsohuwar tukunya, fistan mota, dalmar batir, duk ya narke. Inda ya fi gwaninta shi ne tsufar da abu. Ya jiƙa a ruwan tsamiya, ya binne a garken awaki har damina ta wuce, sannan ya zuba a gwangwani da tsakuwa ya ɗaure a jikin injin niƙan ƙanwarsa, abin ya yi ta kaɗuwa har gefensa ya lashe. In ya fito, ka rantse ya ga yaƙi biyu.

Ba gaba muke ba, tare muke cin tuwon suna. Amma burinsa a duniya shi ne abinsa ya wuce ta hannuna in ce na gaske ne. Ba ya kawowa da kansa. Yau ya turo wani makiyayi wai daga Ngelbeli, ya ce kakansa ne ya bari. Gobe wata tsohuwa har da hawaye. Ni kuma in juya baya, in shinshina, in ji ƙamshin garke, in mayar in ce, "A gai da Mele, a ce masa awakin na lafiya?" Ranar kasuwa ya zo ya zauna yana dariya, ya ce, "Wanne ya tona ni wannan karon?" Wauta ta sa nake gaya masa, shi kuma ya je ya gyara.

Wata rana wani direba Batube da ke hawa hanyar Libiya ya kawo mini kuros, ya ce a wata kasuwa can arewa ya saya wurin masu tono a sahara. Na kanga mayen ƙarfe, ya kama. Gida uku cif. Na juya baya, sai na ga 1813. Na yi murmushi, na ce, "Sun yi ƙoƙari, amma sun manta su rufe takwas ɗin ƙarshe." Baba Sarjan na zaune, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, ya mayar mini, ya ce idonsa yau ba ya gani sosai. Direban ya tafi ransa a ɓace, Mele ya tare shi a tasha ya karɓe a arha. Ba a jima ba kuros ɗin Mele suka fara fitowa, dukansu da 1813. Aiki ya yi mini sauƙi. Ko shinshinawa na daina, in juya in ga uku in tura gefe.

Shekarar da ta fi ba mu wuya, Baba Sarjan ya riga ya rasu. Ruwan kogin Komadugu ya zo a makare, ya janye da wuri. Hanya ta yi rashin tsaro, Turawa suka ɗauke ƙafa, ma'aikata kuma wata na bin wata babu albashi, balle matansu su sayi awarwaro. Ni da nake aikin azurfa na koma liƙe butoci da hannun tabarau. Akwai satin da babban aikina shi ne marfin tukunyar shayin wani jandarma.

Cikin wannan hali Kacalla ya zo, babban ɗan Baba Sarjan. Manomin tattasai ne, mutum mai ƙarancin magana. Ya zauna har na gama da wata buta, sannan ya ce injin ban-ruwansa ya tsaya, makaniki ya ce sai an sayo kaya daga tsallake. Tattasai kuwa ya fara fure. Duk wanda ya taɓa noma a kwarin nan ya san abin da ƙishi ke yi wa fure. Shekarar gidan gaba ɗaya ke cikin wannan gona.

Ya ajiye gwangwanin tabar a gabana.

"Malam Isuhu, na Faransa Baba ya ce ko yunwa za ta kashe mu kar a sayar. Wannan baƙin kuwa bai bar magana a kansa ba."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, abin da ke cikin tsumman nan zai tayar da inji har ya yi saura. Akwai Bature ɗaya da ya rage a lokacin, injiniya mai kula da rijiyar Sayam, muna ce masa Mai Tabarau don guda biyu yake ratayawa a wuya, a gabansa kuwa Mushe, wato malam da Faransanci. Shi ba ɗan tsaraba ba ne, tun yana saurayi yake tara kayan nan, kuma Hausarsa ta fi ta wasu ƴan kasuwar. Bai taɓa sayen kuros a wurina ba, don ban taɓa samun wanda na yarda da shi ba. Na aika masa. Ya ce zai bi ta Gagamari ranar Talata, mu haɗu a gidan.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro a tsakar gida. Ya Falmata, matar marigayi, mahaifiyar Kacalla, na zaune can gefe tana tsince wake, kamar ba ta da ruwa da mu. Na kwance tsumman da hannu biyu. Har da ɗan jawabi na yi, na ce a kan wannan na koyi duk abin da na sani.

Mai Tabarau ya sa tabarau na farko. Ya kanga nasa mayen ƙarfen, ya gyaɗa kai. Ya sa na biyu a kan na farko, ya bi bakin azurfar a hankali. Sannan ya juya baya. Na ga kafaɗarsa ta motsa, kamar mai danne tari.

"Malam Isuhu, wa ya ƙera wannan?"

Na ce, "Jamus mana, Mushe."

"A'a. Maƙeri ne, da hannu. Kuma gwani ne, ban taɓa ganin irinsa ba."

Ya miƙo mini gilashinsa ya nuna mini ƙananan tudun da ke zagaye da baki. Na inji duk ɗaya suke, waɗannan kuwa kowanne da sawun magagari, an fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce azurfar ma ta yi kyau da yawa, irin ta tsofaffin kuɗin nan ce da mata ke ratayawa, masu yaƙi ba su da wannan sukunin. Sannan ya share ƙasa da tafin hannu ya rubuta 1813 da yatsa.

"Dukansu wannan ce a baya. Shekarar da aka fara ba da lambar ke nan. Wanda ya yi naku ya ga uku ta yi masa kamar takwas da ta goge, sai ya taimaka ya rufe ta."

Na ce, "To masu ukun fa?"

"Wasu jabu ne, wasu na gaske. Amma mai takwas, a duniya ina jin wannan kaɗai ne."

Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne fuskar direban nan Batube. Na biyu kuma Mele, wanda ashe duk shekarun nan jabunsa ya fi na malamina daidai. Amma ba lokacin dariya ba ne. Kacalla ya zuba wa lambar da ke ƙasa ido. Ya sa hannu ya fara naɗe tsumman.

Ana cikin haka ƙanensa ya shigo da jaki, ya ɗauko mataccen injin daga bakin kogi don kar ɓarayi su kwance shi. Ya tsaya yana gaishe mu. Mai Tabarau ya amsa, amma idonsa na ƙarƙashin cikin jakin. Ya tashi, ya cire hula, ya durƙusa, ya cusa kansa tsakanin ƙafafun dabbar. Jakin ya kwantar da kunnuwa. Ƙanen Kacalla ya rungume wuyansa yana cewa, "Mushe, yana harbi fa."

Daga ƙarƙashi muka ji muryarsa: "A kwance mini majayin nan."

Sai da muka taru muka sauke injin, saura kaɗan ya faɗo wa Baturen a baya. Ashe abin da ke riƙe da majayin akumarin kan ɗamarar soja ne, na ƙarfe, gumin jakai ya mai da shi baƙi ƙirin. Ya tofa yawu ya murza da babban yatsa, sai ga mikiya ta fito, da rubutu zagaye da ita. Ya juya baya, ya nuna mini hatimin masana'anta, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya miƙo mini ya ce in duba da kaina. Na duba yadda aka koya mini. Bayansa sumul, babu rami ko ɗaya, warin jaki kuwa na halal ne, ba wanda ya binne shi.

Kacalla ya ce, "Wannan? Ɗamarar da Baba ya dawo da ita ce. Fatar ta ruɓe tun ina yaro. Jakai nawa suka mutu suka bar shi."

Ba su daɗe suna ciniki ba. Bai kai abin da na yi wa Kacalla alkawari ba, amma makaniki ya ce zai isa. Sai Mai Tabarau ya koma kan kuros ɗin, ya ce shi ma yana so, ba don na Jamus ba ne, don aikin hannun.

A nan Ya Falmata ta ajiye faifan wakenta.

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

Kacalla ya ce, "Ya, ai kin ji, jabu ne."

"Na riga ka sani, ina wurin aka ƙera shi. Shekarar babbar yunwa, kana goye, babanka ya kai na gasken wurin wani Bature a Maine ya dawo da hatsi. Da shi kuka rayu. Amma sai ya kasa zama, kullum ya buɗe gwangwani ya rufe. Na cire azurfar wuyana na kai wa baban Mele, da guntun tsohuwar fartanya. Babanka ya zana masa a ƙasa daga ka, maƙeri ya bi."

Na ce, "Ya Falmata, to me ya sa bai taɓa gaya mini ba? Yana zaune na kori mutum da na gaske."

"Ya dawo ranar ya ba ni labari, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce in ya faɗa maka za ka daina ba shi shayi." Ta miƙa hannu, Kacalla ya sa mata tsumman a tafi. "Kuma ya ce ya fi son wannan. Wancan a ƙirjin wani yaro ya ciro shi, yaron ko gemu bai fara ba. Wannan kuwa ba wanda ya mutu da shi."

Ta cusa shi a lalitarta, ta ɗauki faifanta. Mai Tabarau bai sake tayawa ba.

Injin ya tashi kafin furen ya zube. Tattasan bai yi kamar na shekarun albarka ba, amma gidan bai sayar da gona ba, kuma Kacalla ya aiko mini da rabin buhu. Jakin aka ɗaure masa majayi da igiyar rama, an ce ya yi kwanaki yana fushi.

Labari a Gagamari ba ya kwana, saboda haka ranar kasuwa sai ga Mele da sabuwar hula. Bai ko gaishe ni ba, ya zauna a kan turmin da Baba Sarjan ke zama, ya zuba wa kansa shayi.

"Na ji an ce aikin babana ne makarantarka."

Na ce haka aka ce.

"Ni shekara da shekaru ina binne ƙarfe a kashin awaki, ko sau ɗaya ban wuce ka ba. Tsoho kuwa yana kabari yana cin ka kullum." Ya kurɓa, ya girgiza kai. "Kuma bai taɓa koya mini haɗin gida ukun nan ba. Fartanya kawai ya bar mini."

Na ce to ya kawo na direban, tun da yanzu mun san na gaske ne, in haɗa shi da Mai Tabarau, mu nemi Batuben mu ba shi haƙƙinsa.

Mele ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Matsalar ita ce, Isuhu, da na gama ɗaukar zubinsa na jefa shi cikin sauran, na binne su tare. An sayar da wasu, wasu na garke. Sai dai ka zo da mayen ƙarfenka mu tona."

Muka je, mu biyu, dattawa da furfura, muka wuni durƙushe a garken awaki muna kanga mayen ƙarfena a kan kowane kuros, don zubin Mele ba ya kamawa, matan unguwa na leƙe ta katanga. Dab da la'asar ɗaya ya kama.